Yadda Bubayero Ya Tafi Mambila Bai Wuce Get Ba

Salamu alaikum jama'a, kowa ya gyara zama. Yau labarin Bubayero na Limawa zan ba ku, kuma tun yanzu ina roƙo, wanda ke shan ruwa ya ajiye kofin, kar ya ƙware a ce laifina ne.

In kun san Limawa a nan Dutse to kun san Bubayero ko ba ku san sunansa ba. Shi ne dogon nan siriri mai yawo da baƙin tabarau a goshi ko da magariba ce. Jikan makiyaya ne gaba da baya, amma shi a asibiti aka haife shi, a kan katifa ya girma, iyakar nisan da ya taɓa yi da gida kasuwar Jahun ce, ita ma da amai ya dawo. Amma ku zauna da shi a majalisa ku sha labari. Babu dajin da bai sani ba. Duk a waya ya gani, bidiyon mutanen nan masu cika mota da kaya su tafi kan tsauni su kafa tanti suna soya ƙwai. Daga nan ya raɗa wa kansa suna Kyaftin, kuma duk faɗin Limawa ba mai kiransa da shi sai shi kaɗai.

Ana nan sai tafiya ta taso. Ƙanin kakarsu Dada zai aurar da ɗansa a Gembu, can saman Mambila, tafiyar da sai an kwana a hanya. Dada ta ce ko a kan jaki ne sai ta je. Kawu Abdulrauf, wanda Bubayero da ƙanwarsa Huseina ke zaune a gidansa, yana da wata tsohuwar mota Sharon, sai dai idonsa ya daina son doguwar hanya. Niyyarsa ya roƙi maƙwabcinsu Silas, bakanike ɗan Filato, ya tuƙa su. Ga kuma ragunan da Kawu ke kiwo a bayan gida. Matarsa na fama da gwiwa, ba za ta je ba, ba kuma za ta iya ɗaukar dusa da bokiti ba. Ke nan tsakanin Bubayero da Huseina dole ɗaya ya zauna da raguna.

Ana cin abinci Kawu ya kawo maganar. Bubayero na jin an ambaci Silas ya ajiye cokali.

"Haba Kawu! Ina cikin gidan nan da lasin ɗina sabo fil a aljihu? Ai wannan cin fuska ne."

"Lasin ɗin da ka karɓo ka buge kaskon mai ƙosai da shi?"

"Kawu ita ta matso kan titi."

"A cikin zaurensu take suya, Bubayero."

Huseina ta tuntsire da dariya. Shi ko ko a jikinsa, ya gyara tabarau ya ci gaba.

"Kuma ba ma sai mun takura wa kowa da neman wurin kwana a Jalingo ba. Tanti za mu kafa a hanya, mu hura wuta, mu kalli taurari. Dada, sai kin ji kamar kin koma budurwa."

Dada ta kalle shi sama da ƙasa. Kun san kaka da jika, ba a raga wa juna.

"Kai maigidan ƙarya, ni da na haifi kawunka a gindin kalgo ruwa na dukana? Mun shekara muna kwana a daji muna roƙon Allah ya ba mu ɗaki. Yanzu ya ba mu, kai kuma ka ga a waya za ka mai da ni?"

Magiya dai, magiya dai, har Kawu ya gaji.

"Na ji. Kai za ka shirya kaya, kai za ka ɗaure. In ka fito da motar nan daga gidan nan lafiya da Dada a ciki, makulli naka ne har Gembu, Huseina ta zauna da raguna. In ka yi mini shirme, Silas zai tuƙa, kai ka zauna."

"Kawu an gama! Huseina, ki fara koyon kwaɓa dusa."

Huseina murmushi kawai ta yi. Da Bubayero na da wayo, da wannan murmushin ya tsorata shi.

Da yamma sai wurin mai shayi. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan benci ya fara wa'azi.

"Ku ba ku san ɗaurin kaya ilimi ba ne? Ni in na ɗaure mota, wallahi gidanmu gaba ɗaya zai shiga Sharon ɗin nan har da rijiya, kuma a samu wurin miƙe ƙafa. Kaya ba ya yawa, sai dai mai ɗaurin ya zama jahili. Duk mai saƙo a Limawa ya kawo, ni Kyaftin na faɗa!"

Shi dai ya faɗa ne don a ce kai. Amma magana zarar bunu ce. Kafin a yi isha'i ta isa kunnen Huseina, washegari kuwa ta yafa mayafi ta bi gida-gida wai tana gaisuwa. Duk inda ta shiga sai ta ce, "Af, Hamma Buba ya ce in da saƙo a kawo fa, wuri har ya yi masa yawa."

To kun san halinmu. Mutum ya ce zai yi tafiya, shi ke nan ya zama gidan waya. Kuma saƙo ba a mai da shi. Ka kalli idon dattijuwar da ta goya ka ka ce mata babu wuri? Ai sai dai ka bar garin.

Shi Bubayero a lokacin yana ɗaki da tantinsa. Wani abokinsa ne ya samo masa a gwanjo, a naɗe cikin wata jaka zagayayya kamar babban faifai. Ya rufe ƙofa don kar kowa ya gani kafin lokaci, ya zuge zif.

Fat!

Jama'a, ashe irin mai buɗe kansa ne. Abin nan ya yi tsalle ya doki fanka, ya ture madubi, ya manne Bubayero da bango. Ɗakin gaba ɗaya ya koma tanti. Huseina ta leƙo ta taga.

"Hamma, har an isa Mambila?"

"Gwaji nake yi, dalla matsa!"

Buɗewa dai ta yi sauƙi. Naɗewa kuma, wai! Ya danne nan, can ya tashi. Ya murɗe can, nan ya mare shi. Ya hau kai ya zauna, abin ya zame ya bar shi a ƙasa. Har Silas ya jiyo kokawar ta katanga ya shigo da sifana a hannu, ya ɗauka ɓarawo aka kama. Da ƙyar su biyu suka danne shi, Bubayero ya ɗaure shi tamau da robar taya, irin wadda 'yan acaɓa ke ɗaure kaya da ita.

Silas ya share gumi ya ce, "Buba, wannan abu fushi yake yi fa. Ranar da robar nan ta tsinke, ina roƙon Allah ina nesa."

"Oga Silas, kai dai tsaya a kan injin. Harkar daji ka bar wa masu ita."

"To, masu ita. Allah ya ba da sa'a."

Bubayero ya shigar da Sharon tsakar gida, ya buɗe but, ya jera kayansa a ƙasa tsaf: 'yar tukunyar gas, tocila, kujerun ninkewa, tabarmi, butoci, famfon ba taya iska. Ya ja da baya yana yaba aikinsa, har ya ɗauki hoto. Sai aka yi sallama.

Hajiya Hindatu ce ta bayan layi, da buhun dabino da jarkar man shanu.

"Ɗan albarka, 'yar tsarabar nan za ka miƙa wa Hauwa'u a Bauchi. Man kar ka kwantar da shi, murfin ba ya kamawa sosai."

"Hajiya ai wannan ba kaya ba ne, a aljihu ma zan sa."

Ba ta fita ba sai ga Malam Saifuddeen, limamin masallacin layinsu, an biyo shi da keken ɗinki, da ƙafafunsa da komai, za a kai wa ƙanwarsa a Gombe. Sai ga Maman Zipporah, matar Silas ɗin da kansa, da buhun gero na yayarta a Numan. Sai katifa. Sai turmi. Sai wata tukunyar biki wadda za a iya yi wa yaro wanka a ciki. Duk wanda ya ajiye sai ya ce, "An ce kai ka ce," Bubayero kuma ya ce, "Ƙwarai, ni na ce," murya na ƙara ƙanƙancewa.

Can sai ga wani tsoho daga Buji, ko wa ya kai masa labari oho, da kwando da zabi biyu a ciki.

"Yaro, surukina za ka kai wa a Gusau."

"Baba, Gusau ai yamma take. Mu gabas muka nufa."

"To in kun dawo ba sai ku biya ba? Ai duk hanya ce."

Ya ajiye kwandon, ya yi masa addu'a mai tsawo, ya tafi. Zabin suka kalli Bubayero, shi ma ya kalle su.

Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne sai dabara ta zo masa. Ya rufe get ya sa sakata, ya ce a cikin gida zai yi ɗaurin, kar wanda ya ƙara ganin akwai wuri. Bai hana ba, ta kan katanga aka miƙo masa ƙullin daddawa da tabarya, wai an manta ta turmin ce. But ya cika, kujerun baya suka cika, ya hau saman mota. Katifa a ƙasa, keken ɗinki a kai, gero, turmi, tukunya, buhun dabino, jarkar man shanu a tsaye kamar yadda Hajiya ta ce, sannan can ƙololuwa ya ɗora tantinsa kamar hula. Igiya ta bi ta nan ta fito ta can. Motar ta koma kamar raƙumin fatake.

Huseina ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame.

"Hamma, da tsani za ka sauko ko a kira 'yan kwana-kwana?"

"Ki yi dariyarki. Gobe war haka kina kwashe kashin raguna, ni ina shan iskar tsauni."

Ranar tafiya da safe layin ya cika. Duk mai saƙo ya zo ya ga tashin kayansa, wanda ba shi da saƙo ya zo kallo. Aka cusa Dada a kujerar tsakiya, kwandon zabi a ƙafarta, ƙullin daddawa a cinya. Kawu ya zauna gaba yana jan carbi da sauri fiye da kullum. Malam Saifuddeen ya yi addu'ar tafiya aka shafa. Aka wangale get. Bubayero ya sauko da tabarau daga goshi zuwa ido, karon farko a tarihi, ya danna hon sau biyu, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya taka.

Ƙwam!

Motar ta tsaya cak. Kun san get ɗin Kawu akwai ƙarfen da aka gicciya a samansa. Sharon ta shiga gidan ba komai a kanta, yanzu ga ta da bene. Bubayero ya auna komai a duniya ban da ƙofar da zai fita.

Silas ya zagaya ya duba ya ce, "Abu mai sauƙi. A sauke na saman nan, shi ke nan ta wuce."

Mai sauƙi a baki. Kayan wa za a sauke, masu su na tsaye?

"Ba dai dabinona ba," in ji Hajiya Hindatu. "Ni na fara kawowa."

"Keken nan amana ne," in ji Malam Saifuddeen.

"Baban Zipporah, ka taɓa geron nan ka ga inda za ka ci tuwo yau," in ji matar Silas. Silas ya mai da hannunsa aljihu.

Wani ya ce to a sauke tantin mana, tunda shi ne a ƙololuwa. Bubayero ya leƙo ta taga kamar an zagi kakansa.

"Tantin? Ai shi ne tafiyar! Ku kwantar da hankalinku, wannan ƙaramin abu ne a wurin masana. Iskar taya ake ragewa, mota ta durƙusa ta wuce. Na gani ana yi."

"A ina ka gani?" in ji Kawu.

"Kawu ka bar ni da aikina."

Ya fito ya bi tayoyin nan huɗu da tsinke, fiiii, fiiii, har Sharon ta zauna kamar kaza a kan ƙwai. Kuma abin mamaki, da ya koma ya taka a hankali sai ta fara shiga! Kan motar ya fito waje. Yara suka fara tafi. Bubayero ya waiwayi Silas ya ɗaga masa gira.

Ƙurrrr!

Wannan karon daga ƙasa ne. Akwai ɗan tudun siminti da Kawu ya yi a bakin get don kar ruwan damina ya shigo gida. Da, mota na haye shi ba ta ma sani ba. Yanzu da ta durƙusa sai cikinta ya zauna a kai daram. Sama ƙarfe ya riƙe, ƙasa siminti ya riƙe, rabi a waje rabi a gida. Ƙofofin tsakiya kuma sun yi daidai da ginshiƙan get, ko wuƙa ba za ta shiga ba, balle a buɗe wa Dada.

Kawu ya fito ta ƙofar gaba ya tsaya a gaban motar yana kallon sama.

"A mai da iskar," in ji Silas. "Ina famfo?"

Bubayero ya nuna bayan motar. "Yana ciki."

"Ciki ina?"

"Ƙasan but."

"Ƙarƙashin me?"

Huseina ta amsa daga cikin gida, da murya yadda duk layin zai ji: "Ƙarƙashin Limawa gaba ɗaya!"

Dada ta ƙwanƙwasa gilashi. "Kai maigida! Zabin nan sun fara cin yatsuna. In nan ne Gembu a faɗa mini in fara guɗa."

Jama'a suka kwashe da dariya. To dariyar nan ce ta ƙarasa shi. Da ya haƙura a nan, da wataƙila Kawu ya ji tausayinsa. Amma ina! Ya ce ai ƙarfi kawai motar ke nema. Ya gyara zama, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya leƙo da kai ta taga ya ce, "Kowa ya matsa!" Ya take totur har ƙasa.

Motar ta yi kuka ta matsa kamar taki guda. Takin nan ya isa. Bakin ƙarfen get ya sami robar da ke riƙe da tanti.

Tas! Fat!

Wayyo jama'a! Tantin da ya kwana yana haɗiye fushi ya buɗe gaba ɗaya. Ya hankaɗe jarkar Hajiya, murfin da ba ya kamawa ya yi nasa wuri, man shanun da rana ta fara narkarwa ya kwararo ta gefen mota daidai kan Kyaftin da ke leƙe, tun daga tabarau har wuyan riga. Buhun dabino ya yage a jikin ƙarfe, dabino ya zubo kamar ƙanƙara, yaran layi suka yi kansa da wawa. Tukunyar biki ta gangaro ta faɗi ƙwararrang, ƙarar ta firgita zabi, suka fasa kwando suka zaga cikin mota, ɗaya ta taka kan Bubayero ta fice ta taga, ɗayar ta bi ta. Ragunan bayan gida suka amsa da nasu kukan.

Shi kuwa tantin ya tashi sama kamar lema, ya yi juyi ɗaya, ya sauko a hankali ya kife a kan Kawu Abdulrauf. Daidai shi. Kamar an auna.

Layin ya yi tsit. Ba ka jin komai sai ɗigar man shanu. Sai murya ta fito daga cikin tanti, a natse, ba faɗa ba hayaniya.

"Silas."

"Na'am Baba."

"Karɓi makulli."

"Kawu," in ji Bubayero yana share mai daga ido, "ai ka ce in na fito da ita. Ka duba, rabi ya fito."

"Rabin da Dada take ciki ya fito?"

"Saura kaɗan."

"Huseina!"

"Na'am Kawu!"

"Ɗauko jakarki."

Jakar tana bayan ƙofa a shirye tun jiya. Sai dai get a toshe yake, ta katangar su Silas aka tsallako da ita.

Aka kira mai faci ya ba tayoyi iska, maza suka sassauke kaya, aka tura Sharon waje, aka buɗe wa Dada ta sha iska. Kawu ya fito daga tanti ya gyara hularsa, ya dubi masu saƙo. Abin da yaro ba zai iya faɗa ba dattijo ya faɗa a taƙaice: abin da ya shiga but za a tafi da shi, sauran kuwa, wanda ya yi alkawari shi zai san yadda zai yi. Kowa ya ce gaskiya ne, kuma ba wanda ya ɗauki nasa ya koma da shi, don ai saƙo in ya fita daga hannunka ya zama na ɗan aike. Katifa, turmi, tabarya, keken ɗinki, tukunya, duk aka tura su ɗakin Bubayero har bakin ƙofa, ko wurin sa ƙafa babu. Tantin kuma ba wanda ya yarda ya sake kokawa da shi, aka ja shi a buɗe aka ajiye a bayan gida kusa da turken raguna.

Silas ya tada mota. Huseina ta zauna kusa da Dada, ta goge tabaran Bubayero da gefen mayafi ta ɗora a goshinta.

"Hamma, dusar da ɗan gishiri suke so. Babban kuma yana tunkuyi, kar ka juya masa baya."

Dada ta sauke gilashi ta yafito shi.

"Maigida, zo in sa maka albarka. Ka ce kana son kwanan tanti cikin dabbobi irin na kakanninka. Ga tanti, ga dabbobi. Ka ga yadda Allah ke karɓar addu'ar mai rabo tun bai bar gida ba?"

Suka tafi, yara na bin motar da kumatu cike da dabino.

Ku ce ya yi laushi? Ashe ba ku san Bubayero ba. Washegari da safe sai ga shi wurin mai shayi, yana ɗingishi saboda babban ragon ya same shi, ƙudaje na bin ƙamshin man shanu a kansa, duk fuska cizon sauro. Aka matsa masa a benci ana ƙunshe dariya. Ya ɗora ƙafa ɗaya, ya kurɓi shayi, ya kalli majalisa ɗaya bayan ɗaya.

"To, a cikinku nan duka, wa ya taɓa kwana a tanti?"

Daidai nan aka dafa kafaɗarsa ta baya. Tsohon nan ne na Buji, da zabi biyu a hammata, ya kamo su.

"Yaro, an ce ba ka tafi gabas ɗin ba. Alhamdu lillahi. Ka ga yanzu Gusau ta zama a kan hanya."